Yinin Asabar a Birnin Zariya

Yaushe rabonki da ki ɗauki yara ku je ganin garinku? Ba biki ko gaisuwar mutuwa nake nufi ba, a'a, fita musamman don su san tushensu.

Abin da ya sa na yi miki wannan tambaya shi ne, kwanakin baya 'yata ta fari ta kalli fim ɗin Amina, wanda ya fito a 2021. Da ta gama sai ta ce, "Umma, wai a wace ƙasa Sarauniya Amina ta yi mulki?" Wallahi sai kunya ta kama ni. Muna zaune a Tudun Wada, ga Ƙofar Doka nan kusa da mu, amma yarinyar ta san fuskar 'yar wasa, ba ta san ganuwar da ake kira da sunan Amina ba. Na nemi izinin maigida, ranar Asabar muka hau Keke Napep sai cikin birni.

Idan kin tashi zuwa, ki fara tsayawa a Ƙofar Doka. Ki nuna musu ragowar ganuwa, ki gaya musu da jar ƙasa da hannu kakanninsu suka ɗaga ta. Za ki ga inda ruwan sama ya cinye ta, da inda aka ɗebi ƙasarta aka yi gini. Ki lissafa musu sauran ƙofofi: Kuyambana, Gayan, Kona, Bai, Galadima, Jatau. Masu tarihin baka sun ce Amina 'yar Bakwa Turunku ce, kuma sunan ƙanwarta Zariya aka sa wa garin.

Daga nan ku miƙe zuwa fadar Mai Martaba Sarkin Zazzau. Zanen da ke jikin ƙofar fada kaɗai ya isa kallo, ga dogarai cikin ja da kore. A nan na gaya wa yara cewa tun bayan jihadi gidaje huɗu ke sarautar Zazzau: Mallawa, Barebari, Katsinawa da Sulluɓawa. Sarki na yanzu, Malam Ahmed Nuhu Bamalli, Bamalle ne, ya hau gado a 2020.

Inda jikina ya yi sanyi kuwa shi ne babban masallacin Juma'a da ke gaban fada. Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina shi a shekarun 1830, zamanin Sarki Abdulkarimu. Ina ƙarama mahaifina ya taɓa riƙe hannuna ya nuna mini bakan gizon rufinsa da zanen ginshiƙansa, duk na ƙasa. Kullum ina cewa wata rana zan kawo nawa yaran. Ranar Juma'a 11 ga Agusta, 2023, wani sashe na masallacin ya rufta ana sallar La'asar, aka rasa rayuka. Allah Ya jiƙansu da rahama. Daga baya aka shiga aikin sake ginawa. Abin da na gani da idona, yanzu sai dai in ba 'yata labari.

Da za mu koma muka bi ta lungu, muka tarar da masu ɗinkin hannu a zaure sun duƙufa kan aska takwas ta babbar riga. Ɗan autana ya ƙi tafiya sai da ya taɓa zaren.

Uwargida, a wasu ƙasashe gidan ɗan wasan fim ma mayar da shi suke wurin tarihi, a riƙa biyan kuɗi ana shiga. Mu namu a fili yake, kyauta, kowace damina kuma tana rage shi. Ki fita da safe kafin rana ta take, ki riƙe ruwan sha, ki koya wa yara gaida dattawa kafin su yi tambaya. Kada ki ce sai sun girma kamar yadda na yi.