Haddar kalmomin da na ɗora wa 'ya'yana

Duk wanda ya saba shiga kasuwar Gumel, ko ta Maigatari ranar Alhamis, ya san masu shimfiɗa littattafai a tabarma. Gefe guda ga Ahalari da Ishmawi da Iziyya, gefe guda kuma ga ƙananan littattafan koyon Turanci: kalma a hagu, ma'anarta a dama, a ƙasan shafi layuka masu giɓi da yaro zai cike. Iyayen da ke koyar da 'ya'yansu a gida, da waɗanda suka ɗauko malamin lesin, su ne kan gaba wajen sayen su. Ni ma na saya, na kuma dogara da su fiye da kima, har na cuci 'ya'yana ina ganin gata nake yi musu.

A watan Maris na 2020 aka rufe makarantu saboda annobar korona, yara suka zauna gida wata da watanni. Babbar 'yata tana aji biyar na firamare, ƙaninta yana aji uku. Tsorona shi ne Turanci, don da shi ake rubuta jarrabawar shiga sakandare. Sai na kafa doka: bayan karatun Alƙur'ani da safe, kowa ya haddace shafi guda, bayan la'asar in karɓi hadda. Wanda ya yi kuskure ya sake. Ban tsaya nan ba. Na ce wa uwargida ta ɗauke Magana Jari Ce daga ɗakinsu, Hausa ai sun iya. Hirar dare da suke yi wurin Hajiya, mahaifiyata, inda take yi musu tatsuniya, ita ma na rage ta, wai lokacin bitar kalmomi take cinyewa. Hajiya ba ta ce mini komai ba, kallona kawai ta yi.

A ido, abin ya yi kyau ƙwarai. Yarinyar tana zubo kalmomi ba gargada, littafin cike da alamar jan biro. Har alfahari nake yi a majalisa.

Wani dattijo, aminin mahaifina, tsohon malamin firamare da ya yi ritaya a Sule Tankarkar, ya zo gaishe da Hajiya. Na kira yarinyar don ya gani. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta kawo shafi biyu da ka. Ya sa mata albarka, sannan ya karɓi littafin ya fara tambayarta daga ƙasan shafi zuwa sama. Nan ta fara laluɓe, tana motsa leɓe, tana komawa farkon jerin a zuci kafin ta iso inda ake tambaya. Sai ya ciro biro daga aljihun rigarsa, ya rubuta jimla uku a bangon littafin, duk da kalmomin da ta haddace: wani mutum ya kai akuyarsa kasuwa ya sayar domin ɗansa ba shi da lafiya. Ta bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya, kowace ta faɗi ma'anarta daidai. Ya ce, "To, jikata, me ya sa mutumin ya sayar da akuyar?" Shiru. Ta dube ni, idonta ya kawo ruwa, tana jiran in ce ta sake.

Da ta fita, ya juyo gare ni. "Ɗana, kai da ka yi karatun zaure, ka taɓa ganin malamin da ya miƙa wa ɗalibi ƙamus ya ce ya haddace?" Na ce, "A'a, Baba." Ya ce, "To, don me kake yi wa naka haka?"

Tambayar ta zauna mini, don gaskiya ce. Malamanmu na zaure sun fitar da masana lugga shekaru aru-aru, kuma a cikin nassi suka koyar da ita. Malam zai karanta gaɓa daga Risala ko Muƙamatul Hariri, ya fassara ta da Hausa, ɗalibi ya maimaita. Gobe kalmar ta sake fitowa a wani babi da wata fuska, jibi ya ji ta a tafsiri. Da haka take zama tasa, tare da maƙwabtanta da wurin da ake sa ta. Hanyar tana gabana tun ina yaro, na tsallake ta na kama jeri.

Daga baya na bi abin da masana suka rubuta, na tarar lissafin ma bai goyi bayana ba. Paul Nation, masanin koyon harshe a New Zealand, ya nuna a 2006 cewa kafin mutum ya karanta jarida ko littafin labari na Turanci ba tare da taimako ba, yana bukatar sanin kashi 98 cikin 100 na kalmomin da ke shafin, wato tushen kalmomi 8,000 zuwa 9,000. Littafin da na sayo bai wuce 'yan ɗaruruwa ba. Ko da yaro ya haɗiye shi dukansa, sauran dubban daga ina za su fito in ba daga yawan karatu da saurare ba? Ga kuma mantuwa. Tun a 1885 Bajamushen nan Hermann Ebbinghaus ya wallafa gwajin da ya yi na haddar gaɓoɓi marasa ma'ana a kansa, ya gano mafi yawan abin da ke zubewa a rana ta farko yake zubewa. Ni kuwa da la'asar nake karɓar hadda, washegari mu wuce sabon shafi, ba mu waiwayar na jiya.

Ba na cewa a ƙona littattafan nan. Yaron da ya tashi a Gagarawa ko wani ƙauyen Maigatari ba ya jin Turanci a tsakar gida, ba ya jin sa a dandali, dole a koya masa kalmomin farko da gangan. Michael West, Baturen da ya yi aikin koyarwa a Bengal, ya fitar da jerin kalmomi kusan 2,000 da suka fi yawo a Turanci a 1953, kuma jerin ya amfani malamai a ƙasashe da dama. Amma West ya fi shahara da ƙananan littattafan labarai da ya tsara, inda sabuwar kalma ke shigowa jefi-jefi, a maimaita ta a cikin labarin har ta zauna. Jerin jagora ne ga mai koyarwa, yaro kuwa labari ake ba shi.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne Hausar da na hana. Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce ne don 'yan makaranta su samu abin karantawa, ya fara fitowa a 1937 daga Zariya. Yaron da ya saba bin labarin aku da waziri da ke cikinsa ya riga ya koyi tambayar wa ya yi me, don me, me zai biyo baya. Wannan ita ce dabarar da 'yata ta rasa a gaban jimla uku. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, ni kuma na ciki na zubar.

Na je na ba Hajiya haƙuri, hirar dare ta dawo, littafin Imam ya koma ɗakin yara. Da rana sai mu karanta gajeren labari na Turanci tare, su ba ni shi da Hausa, su ciri kalma biyu ko uku su rubuta a nasu littafin tare da jimlar da suka same ta a ciki, mu waiwaye su bayan kwanaki. Littafin giɓi ya zama na bita kawai. Tafiyar ba ta da sauri, babu kuma abin nunawa a majalisa. Yarinyar ta warware kafin a koma makaranta. Ƙaninta kuwa ya daɗe in ya ga littafin Turanci a hannuna sai ya nemi hanyar fita, kuma ni na jawo masa.

Ya kai uba, ya ke uwa, da ke zaunar da yaro a gida don koya masa: yau ɗin nan ku rufe littafin kalmomin, ku rubuta masa jimla uku daga abin da ya haddace, ku tambaye shi me ya faru a ciki. In kuma kuɗin hannunku na littafi ɗaya ne, ku sayo masa na labari, ku zauna ku karanta tare da shi.