Ranar da na bi Auta shagon wasa

Ni malamin makaranta ne. Na yi shekaru da yawa riƙe da alli a cikin aji. Yanzu aikina shi ne zagaya makarantu, ina duba yadda malamai suke koyarwa, ina ba su shawara. Ina kuma horar da samari da ƴan mata masu son zama malamai. Na ɗauka na san duk abin da ke sa yaro ya koyi abu. Ashe da saura.

Ina da ɗa, shi ne ƙaraminmu, muna ce masa Auta. Lokacin da abin nan ya faru yana ajin CM1. Wata rana malaminsa ya aiko mini da takarda. Ya ce Auta yana gyangyaɗi a aji, kuma makinsa na lissafi ya yi ƙasa sosai. Bayan kwana biyu uwarsa ta ce mini canjin cefane yana ɓacewa, yau dala goma, gobe dala ashirin. Raina ya ɓaci, kunya kuma ta kama ni. Ɗan mai ba malamai shawara ne yake yin haka!

Wani maƙwabci ya gaya mini inda Auta yake zuwa. Wani shago ne a bayan kasuwa, inda yara ke biyan kuɗi su yi wasan bidiyo. Da la'asar na karyi tsumagiya, na nufi wurin.

Shagon ɗan ƙarami ne. Akwai tele biyu, da benci uku, da yara kamar goma. Auta yana zaune, ya ƙura wa tele ido, yana riƙe da abin latsawa da suke kira manet. Bai gan ni ba. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallo.

Wasan tseren motoci yake yi. Akwai wata kwana mai wuya. Da ya zo wurin, sai motarsa ta daki katanga. Ya sake, ta sake dukan katanga. Bai yi kuka ba, bai ajiye manet ba. Wani abokinsa ya ce: «Taka birki tun kafin ka kai alamar nan.» Ya gwada, ya kusa wucewa. A karo na bakwai ya wuce lafiya. Yaran suka yi sowa, suna bubbuga kafaɗarsa. Wannan shi ne yaron da aka ce mini ba ya iya mai da hankali!

Na jefar da tsumagiyar a bayan shago, na kira shi. Da ya gan ni, jikinsa ya hau rawa. A kan hanyar gida na tambaye shi:

— Auta, me kake samu a cikin wasan nan?

Ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce:

— Baba, a can in na yi kuskure ba mai yi mini dariya. Sai in sake.

— A makaranta fa?

— A makaranta in na yi kuskure, sai sifiri da jan biro.

A daren nan ban yi barci da wuri ba. Na yi ta tunanin maganarsa.

Wasannin nan ba jiya aka fara su ba. A shekarar 1972 aka fito da Pong a Amurka, wasa ne na sanda biyu da ɗan ɗigo ɗaya. A 1980 aka yi Pac-Man a Japan. Kamfanin Nintendo ya fito da Game Boy a 1989, kamfanin Sony kuma ya fito da PlayStation a 1994. Yau wasannin sun shiga cikin salula. Yara suna yi, manya ma suna yi, maza da mata.

Me ya sa mutane suke son su haka? A shekarar 2006 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Richard Ryan, shi da abokan aikinsa biyu, sun yi bincike a kan wannan tambaya. Sun nuna abubuwa uku. Na ɗaya, mutum yana son ya ji cewa ya iya. Wasa yana farawa da sauƙi, yana ƙara wuya kaɗan-kaɗan, kuma nan take yake nuna maka ko ka yi daidai. Na biyu, mutum yana son ya zaɓa da kansa. A cikin wasa kai ne mai cewa dama ko hagu. Na uku, mutum yana son zama da abokai, a taya shi murna, shi ma ya taya wani. Duka ukun na gan su da idona a shagon nan.

Sai na tuna ƙuruciyata. Mu ma abin da muke nema ke nan a wasan langa, da dara da muke kallon manya suna yi a gindin bishiya. Amma akwai bambanci. Langa takan ƙare idan ƙafa ta gaji, ko idan uwa ta kira mutum cin tuwo. Na'ura ba ta gajiya. Wasu wasannin ma an shirya su ne don kada ka so tashi, wasu kuma kuɗi suke ta nema. Zuma ce, ga zaƙi ga harbi.

Shi ya sa a shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar wasan bidiyo cikin jerin cututtuka. Ta faɗi alamunta: mutum ya kasa tsayawa, ya fifita wasa a kan sauran harkokinsa, ya kuma ci gaba ko da yana ganin cutar da wasan yake yi masa. Hukumar ta ce kaɗan ne daga cikin masu wasa suke kaiwa nan. Amma yaron da ya fara ɗaukar kuɗin uwarsa ya kama hanya marar kyau.

Washegari muka zauna mu uku. Auta ya ba uwarsa haƙuri. Ya biya kuɗin da aikin hannunsa: wata guda yana ɗebo ruwa, yana ba awaki abinci. Muka kafa doka. Wasa sai Asabar da Lahadi, awa ɗaya, bayan ya gama aikin makaranta. Kuɗin wasa kuma daga hannuna zai karɓa.

Ni ma na canza. Kowane dare mukan yi lissafi tare. Nakan fara da mai sauƙi, in ƙara wuya a hankali. In ya yi kuskure, sai in ce: «Sake gwadawa.» Makinsa bai tashi dare ɗaya ba, amma kafin ƙarshen shekara ya daina tsoron raba lamba. Tun daga lokacin nakan gaya wa sababbin malamai su bar yaro ya sake gwadawa kafin su ɗauki jan biro.

Yara, ban ce kada ku yi wasa ba. Amma kowa ya tambayi kansa: na gama aikina? Na sami isasshen barci? Kuɗin nan, an ba ni ne ko ɗauka na yi? Idan aka kira ni, ina iya ajiye wasan nan take? Kuma idan lissafi ya yi muku wuya, ku tuna da kwanar da Auta ya wuce a karo na bakwai.