Bayan da tsawa ba ta miƙar da shi

Bahaushe na ce masa doro idan bai tsananta ba, ƙusumbi idan ya fito fili, kuma kowane daga sunayen biyu kan zama laƙabin da ke bin mutum har kabari. A lakwal mushe ya daka tsawa: "Miƙe bayanka!" A gida uwa ta ce lalaci ne. A bakin rijiya kuwa a raɗa cewa iska ce ta taɓa yaron, ko jifa aka yi masa.

Wani tsohon malami a ƙasar Tasawa ya shafe shekarun aikinsa yana tsayawa a ƙarshen aji lokacin shifta, saboda haka ya san bayan yara kamar yadda ya san fuskokinsu. Abin da ya fara lura da shi shi ne tsawar tana aiki ga wasu, ba ta aiki ga wasu. Yaron da gajeren teburi da rubutu bisa gwiwa suka koya wa duƙawa, da an yi masa magana sai ya miƙe sak. Wannan doron sabo ne, ƙashinsa lafiya lau. Dama kowane mutum yana da ɗan lanƙwasa a gaɓoɓi 12 na ƙashin baya da ke riƙe da haƙarƙari, kamar digiri 20 zuwa 40. Sai ta wuce nan likitoci ke kiranta ciwo.

Akwai kuma matashin da ke iyakar ƙoƙarinsa, ya ɗaga kai, ya ja kafaɗu, bayan ya ƙi. Wani likita ɗan Danmak, Holger Scheuermann, ya bayyana wannan a 1920: lokacin da yaro ke tashen girma, gaban gaɓoɓin ba ya girma daidai da bayansu, sai su jeru a karkace. Yakan bi jini a dangi. Motsa jiki da rigar ɗaurin baya na taimakawa tun girma bai tsaya ba. Bulala kam babu abin da take ƙara masa sai ƙin makaranta.

Na tsufa malamin a gida ya gan shi, a jikin mahaifiyarsa, wadda ta riƙa gajarta har zanenta ya soma jan ƙasa. Mutane sun ɗora laifin kan tulu da turmi. Wahala tana da nata kaso, amma babban dalili shi ne ƙashin mace kan yi holoƙo bayan ɗaukewar haila, gaɓoɓin su riƙa murƙushewa a hankali, sau da yawa ba tare da an faɗi ba.

Wanda ya fi hana shi barci shi ne doron da ke da tsini, kamar an naɗe yatsa a ƙarƙashin fata. Mai shi yana ramewa, zazzaɓi kan rufe shi da maraice, yana gumi da dare, yana tafiya a sandare don gudun zafi. Tarin fuka ne, ko da yaron bai taɓa yin tari ba, kuma nan ne iyaye ke gardama. Ƙwayar cutar kan bi jini daga huhu ta sauka a ƙashin baya, ta cinye gaban gaɓa ɗaya ko biyu har su rufta. Percivall Pott na Ingila ya siffanta ciwon a 1779, shekara ɗari da uku kafin Robert Koch ya gano ƙwayar a 1882. Idan mugunya ta taru ta danne laka, ƙafafu su yi nauyi, daga baya su shanye.

Magani yana nan, ana shan sa wata tara zuwa goma sha biyu ba fashi. Yana kashe ƙwayar, sau da yawa ƙafafun ma su farfaɗo, amma ba ya tayar da ƙashin da ya riga ya rufta. Watannin da ake ɓatawa tsakanin ƙaho, sakiya da turaren iska su ne watannin da doron ke kafuwa. Shi ya sa malamin ba ya tsayawa musu da kowa kan aljanu. Yakan je gidan da kansa bayan la'asar, ya gaisa da maigida, ya ce: "Malam, a ci gaba da addu'a, amma jibi ranar kasuwa akwai mota. A kai shi likita a ɗauki hoton bayansa."