Kama Da Wane Ba Ta Wane

Ranar suna, kafin a yanka rago, mata sun riga sun gama rabon fuskar jariri: hanci na uba, ido na uwa, goshi kuwa na kakan da ya rasu. Yawanci abin na raha ne. Amma a wani gidan, idan aka duba aka rasa kamannin uban, sai a shiga ƙus-ƙus, har auren ya mutu a kan zargin da ba shi da tushe.

Masana kimiyya sun bayyana cewa kowane ɗa yakan ɗauki rabin ƙwayoyin gadonsa daga uba, rabi daga uwa, watau ɗauri 23 daga kowane ɓangare. Wata siffa takan ɓuya a jikin iyaye, sai ta ɓullo a jika ko tattaɓa-kunne. Wannan ya dace da abin da ya zo a hadisi, inda wani mutum ya je wa Manzon Allah (S.A.W.) da damuwa domin matarsa ta haifi ɗa baƙi. Sai aka tuna masa cewa a cikin jajayen raƙumansa ma akan sami mai launin toka, ta hanyar gado daga kakanni. Ba a ba shi izinin kore ɗan ba.

To, ina batun mutum biyu da ba su haɗa dangi ba, amma suka zama kamar an tsaga kara? A shekarar 2022 wasu masana a Basalona ta ƙasar Sifen, ƙarƙashin Manel Esteller, sun gwada irin waɗannan mutane, biyu-biyu har kashi 32. Kwamfuta ta ɗauki kashi 16 tamkar mutum guda, kana gwajin yawu ya nuna 9 daga cikinsu sun yi tarayya a ƙwayoyin gado masu yawa. Dalilin ba boyayye ba ne: 'yan Adam sun haura biliyan 8, alhali siffofin hanci da ido da haɓa suna da iyaka. Tilas wata rana zubi ya zo ɗaya.

Haɗarin yana ga mai hukunci da ido kawai. A shekarar 1896 kotu a Landan ta yanke wa wani ɗan ƙasar Norwe, Adolf Beck, ɗaurin shekara 7, bayan mata da dama sun rantse shi ne ya damfare su zobba da agogo. Ya fito a 1901, aka sake kama shi a 1904 kan irin wannan zargi. Yana tsare sai aka cafke ainihin mazambacin yana cikin sana'arsa. Gwamnati ta biya Beck diyyar fam 5,000, kuma wannan abin kunya na cikin dalilan kafa kotun ɗaukaka ƙarar manyan laifuka a Ingila a 1907. Matan nan ba ƙarya suka shirya ba. Idonsu ne ya yaudare su.

A Nijeriya ma an ga yadda zancen kama yake ruɗa jama'a. A 2018 jita-jita ta bazu cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya rasu, wai wani Jibrin daga Sudan ne ke zaune a madadinsa, har sai da ya fito da kansa a ƙasar Folan ya ƙaryata.

Saboda haka ya kamata alƙali da ɗan sanda da maigida su riƙa yin hattara. Kama takan nuna hanyar bincike, amma ba ta isa hujjar ɗaure mutum, ko sakin mace, ko tara jama'a a kan wanda aka yi wa ihun ɓarawo a kasuwa ba. Ko Hassan da Husaini, da suka fito daga ƙwai guda, zanen yatsunsu daban ne. Magabata sun gama magana tun da daɗewa: kama da wane ba ta wane.