Kasuwar Essen, Inda Ake Sayar da Taswirar Ƙasar Tatsuniya

Ranar Asabar, 5 ga Oktoba 2024, ɗan ƙanwata da ke karatu a Jamus ya tashe ni tun da asuba. Ya ce, "Kawu, ka shirya. Kai da ka yi shekaru kana koyar da labarin ƙasa, yau zan kai ka ka ga taswirar da ba ka taɓa koyarwa ba." Muka fito cikin sanyi irin na tsakiyar hunturu, alhali a garinmu Makarfi lokacin ana cikin girbin masara. Muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa mai lamba U11, ya sauke mu a bakin filin baje koli na birnin Essen.

Taron sunansa SPIEL, wato wasa da Jamusanci. Tun 1983 ake yin sa, kwana huɗu a kowace shekara, kuma a 2024 an ƙirga masu shiga 204,000. Na saba da cinkoson kasuwar Makarfi lokacin da rake ya kama, motoci sun yi layi, 'yan dako suna ta "hanya, hanya!" To nan jama'a sun ninka haka, amma babu mai ture wani. Zauruka ne manya, kowanne sai ya haɗiye filin ƙwallo, cike da tebura. Tsoho mai furfura na zaune da jikarsa, mata da miji da 'ya'yansu, kowa ya duƙufa a kan wasa kamar yadda dattawanmu ke duƙufa a kan dara a gindin durumi bayan la'asar.

A wani tebur na ga mutum shida sun kewaye wata faffaɗar takarda, suna jefa abu irin ɗan lido, sai dai nasu fuskarsa 20 ce. Gabana ya faɗi, na ja hannun yaron na ce, "Kai, gidan caca ka kawo ni?" Ya ce, "A'a Kawu, duba da kyau, ko sisi babu a teburin. Tatsuniya suke yi." Na tsaya na saurara yana fassara mini. Mutum ɗaya ne ke jan labarin, kamar yadda kakarmu ke yi mana da dare a tsakar gida. Bambancin shi ne masu sauraro su ne mutanen cikin labarin. Wannan mayaƙi ne, wancan matafiyi, waccan mai magani. Mai jan labari zai ce kun iso bakin kogi ga gada ta karye, kowa ya faɗi dabararsa, sai a jefa ɗan lidon ya nuna ko dabarar ta ci. Wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, su suka fitar da uban waɗannan wasanni a 1974, mai suna Dungeons & Dragons. Na yi ta mamaki. Mu tatsuniyarmu da an ce ƙurunƙus ta ƙare, su kuwa tasu sai ta yi shekaru ana ci gaba da ita duk mako, don haka dole a san inda aka kwana. Nan ne taswira ta shigo.

Can ƙuryar wani zaure muka iske rumfar wani dattijo mai sayar da tsofaffin kaya. Da yaron ya gaya masa aikina, sai fuskarsa ta washe. Ya goge hannu da ƙyalle, ya buɗe wata takarda a hankali, ya haɗa ta da 'yar'uwarta, suka rufe teburin ruf, inci 34 a inci 44. Taswirar duniyar Greyhawk ce ta 1980, wadda wata mai zane da ake kira Darlene ta yi da hannunta. Teku shuɗi, dazuzzuka kore shar, duwatsu an jera su ɗaya bayan ɗaya, sunayen ƙasashe kuwa an lanƙwasa su da rubutu mai kyau har na tuna da zayyanar allon sauka. An shimfiɗa mata ƙananan gidaje masu kusurwa shida kamar saƙar zuma, kowane gida mil 30. Gida ɗaya ya fi nisan Makarfi zuwa Zariya. Na ɗora yatsa a kan wani birni, na ƙirga gidaje zuwa wani, na ji ina lissafin kwanakin da fatake za su yi da jakuna. Ƙasar ba ta nan a ko'ina a bayan ƙasa, amma sai da na ji ƙishirwar hanya.

Sannan ya jero mini taswirar wata duniyar, Forgotten Realms, wadda wani ɗan Kanada, Ed Greenwood, ya fara ƙagawa tun yana yaro. Ta 1987 ta zo cikin akwati da wata leda mai haske da ake ɗorawa a kai don auna nisa. A bugun 2001 mawallafan wasan suka matse ƙasar, suka rage filayen da babu kowa don komai ya shiga takarda ɗaya, garuruwan da ke nesa da juna suka zama maƙwabta. A bugun 2008 suka ce wata annobar tsafi ta auku, aka tsallake kusan shekara ɗari. Ƙasar Halruaa ta halaka, yankin Chult ya yanke ya zama tsibiri. Da sabon bugu ya fito a 2014, sai aka bi aka mayar da yawancin abubuwa yadda suke.

Muna cikin haka wasu mutum biyu suka tsaya a kanmu, gardama ta kaure. Ɗaya yana buga yatsa a kan taswirar 2008, muryarsa na rawa. Na tambayi yaron me ya yi zafi. Ya ce, "Kawu, wai shekara goma suna wasa a wannan ƙasar shi da abokansa, rana ɗaya ya sayi sabon littafi ya tarar an shafe ta." Na dubi mutumin, na fahimce shi sarai.

Ai ni ma na ga irin wannan a bangon aji. Na fara koyarwa da taswirar Nijeriya mai jihohi 19. A 1987 aka ƙara jihohi biyu, ciki har da Katsina da aka cire daga Kaduna, muka koma 21, a 1991 muka zama 30, a 1996 muka kai 36. A gida ma haka. Da duk ƙarƙashin Ikara muke, aka fitar da Makarfi, sannan a 1996 aka fitar da Kudan daga Makarfi, hedikwata a Hunkuyi. Mutum yana kwance a ɗakin da aka haife shi, gonarsa tana inda take, amma takarda ta ce ya tashi daga wannan ƙaramar hukuma ya koma waccan. Duk lokacin da sabuwar taswira ta zo, sai mu naɗe tsohuwar mu jefa bayan kabad, gara ta yi kalaci da ita. Ga dattijon nan mai rumfa yana riƙe da tasa kamar jinjiri, ya san shekarar kowace da dalilin kowane layi da aka gusar.

Kafin mu fita yaron ya nuna mini abin da ya ƙarasa ɗaure mini kai. Jamusawa suna da nasu wasan, Das Schwarze Auge, tun 1984, da ƙasarsa Aventurien. Ƙasar har jarida gare ta, Aventurischer Bote, mai kawo labarin yaƙe-yaƙe da naɗin sarautun can tun 1985. Na riƙe ta a hannuna, na tuna da yadda mahaifina ke jiran Gaskiya Ta Fi Kwabo daga Zariya.

A jirgin komawa na kasa yin shiru. Na ce wa yaron, mu fa ba mu rasa ƙasashen tatsuniya ba. Tun 1934 Abubakar Imam ya tura Alhaji Imam neman Ruwan Bagaja, ya ratsa gari bayan gari, amma ban taɓa ganin wanda ya zana mana hanyar da ya bi ba.

Da na dawo Makarfi na sayi farin kwali da fensir mai launi, na tara jikokina a zaure, na ce su zana mini garin Gizo. Ƙaramar cikinsu ta sa gidan Ƙoƙi a gabas, ta ja rafi kusa da gonar rake. Yayanta ya ce sam, rafin ta yamma ya bi. Gardama ta kaure har aka kira magariba. Na ba shi nasa kwalin, na rubuta kwanan wata a bayan kowanne, na adana su biyun a cikin akwatin ƙarfe.