Ɗan notin da ya kusa cinye wa kawuna lambu

Yau ina so mu yi magana a kan wani ƙarfe da bai kai tsawon ɗan yatsa ba, amma in ya lalace sai gida guda ya kwana cikin zullumi.

Ranar Juma'ar da ta wuce kawuna ya kira ni daga Jiratawa, muryarsa a sanyaye. Ya ce, "Ɗana, motopom ɗina na zubar da baƙin mai, ga zogale da tumatir suna jiran ruwa." Wanda ya san kwarin Gulbin Maradi ya san nauyin wannan magana. Gulbi da damina kawai yake kawo ruwa. Da rani, masu fili cikin gandun da hukumar ONAHA ke kula da shi suna samun ruwa ta magudana, sauran manoma kuwa, daga Jiratawa har Tibirin Gobir, rijiya da motopom, wato ɗan injin ban ruwa, su ne jarinsu. Kwana uku babu ruwa cikin zafin watan Afrilu, an gama da shuka.

Da na isa na tarar an naɗe notin bidanji, wanda ake kwancewa a zubar da tsohon mai, da leda da robar tayar keke. Mai yana ɗiga ƙasa a hankali. Ashe wani yaro ɗan koyo ne ya canza man, ya sa ƙarfinsa duka ya ɗaure har notin ya zarce. Ban ga laifin yaron ba, don babu wanda ya taɓa gaya masa cewa notin ƙarfe ne mai tauri, gidan injin kuma alminiyom ne mai laushi. In aka matsa fiye da kima, haƙoran cikin ramin ne ke cinyewa.

Muka ɗora injin a babur muka shigo Maradi wajen wani dattijon makanike. Ya duba ya ce, "Alhaji, Allah ya taimake ka da ka kashe shi da wuri." Ya bayyana mana cewa irin wannan inji, ƙirar Honda GX160 da masu kama da shi, mansa bai wuce lita 0.6 ba, ɗan fiye da rabin lita. In ya tsiyaye injin yana aiki, ƙarfe zai ci ƙarfe, fistan ya kama, gyaran da ɗan kuɗi zai biya ya koma sayen sabon inji.

Na tsaya na kalli aikinsa. Ya juye sauran man, ya faɗaɗa ramin kaɗan, ya ɗauko ƙarfen yanka haƙora ya shafa masa giris don ɓarɓashin alminiyom ya manne a jiki kada ya faɗa cikin inji. Yana juyawa yana komawa baya, a miƙe, ba gaggawa. Da ya gama ya ɗauraye cikin da mai, ya kawo noti mai milimita 12 a madadin mai 10, ya sa sabon rondel, wato zoben da noti ke zama a kai. Da yatsunsa ya fara ɗaurawa har notin ya zauna, sannan ya ɗan taɓa shi da sufana. Ya ce rondel ɗin nan ne ke tare mai, shi ya sa ake so a sabunta shi duk lokacin da aka yi bidanji.

Dattijon ya taɓa aiki a bakin kogin Kwara, wajen Gaya, yana gyaran injinan jiragen ruwa. Ya ce can ma wannan ce cutar. Ƙasan injin jirgi, inda giya take, cikin ruwa yake zama, kuma akwai ɗan sukurun da ake zubar da man giya ta wajensa. In zobensa ya tsage ruwa zai shiga, mai ya koma fari kamar nono, giya ta lalace jirgi yana tsakiyar kogi da mutane. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda muka saba da "a ɗan ɗaure, zai kai mu". Leda, roba, gam, duk don mu tsira da ƴan daloli, alhali ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Kawuna ya biya kuɗin da bai kai na buhun zogale ba, kafin magariba ruwa yana gudu a lambunsa.

Manoma ƴan'uwana, ku duba ƙarƙashin injinku kowace safiya kafin ku ja igiya. Sabon inji a canza masa mai bayan awa 20 na farko, daga nan duk awa 100. Iyayenmu makanikai kuma, don Allah ku zaunar da yaranku ku nuna musu iyakar ɗaurin noti kafin ku miƙa musu sufana. Wanda ya san mai lambu, ya tura masa wannan saƙo. Allah ya sa albarka a noman raninmu.