Tafiyar Farko Zuwa Bonn

Matashin ɗan jaridar da ya samu gurbin horo a tashar Deutsche Welle yakan sha wahalar tafiya tun bai hau jirgi ba: fasfo, takardar gayyata, sai jiran bizar Schengen. Daga nan sai Bonn, birnin da ke bakin kogin Rhine, wanda ya kasance babban birnin Jamus ta Yamma daga 1949 zuwa 1990. A nan hedikwatar tashar take, kuma sashenta na Hausa yana watsa shirye-shirye tun 1963.

Yanayi ne ke fara girgiza baƙo. A watan Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe biyar na yamma, lokutan salla su matse, sanyi ya hana zaman hira a ƙofar gida. Ran Lahadi galibin shaguna a rufe suke, wanda bai yi cefane ba sai haƙuri.

A aji ana koyar da haɗa rahoto, gyaran murya a kwamfuta da tantance labari. Na ƙarshen nan ya fi nauyi. Edita yakan tsaya a kan jimla guda yana tambaya: wa ya faɗa, ina shaida, an ji ta bakin ɗaya ɓangaren? Wanda ya saba karanta sanarwar gwamnati yadda ta zo yakan ji kamar ana tuhumarsa, kafin ya gane cewa aikin ke nan.

Bayan dawowa gida, kayan aiki kan yi ƙaranci, wuta ta ɗauke. Tambayoyin editan kuwa ba sa buƙatar janareta, sai dai ba kowane mai gidan rediyo ke son jin su ba.